Tsohon domen na gwanjo ko sabo: wanne ya dace da shafin dukawan Birni?

Laminu:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wani lamari da ya tsaya mini a rai tun makon jiya. Ni ne ke riƙe da takardun ƙungiyar dukawan unguwarmu a Birni, nan Damagaram, kuma dattawa sun amince a buɗe mata shafin intanet, domin jakunkuna da takalma da tumtum da kuben wuƙa da muke ɗinkawa su isa ga masu saye a Yamai da Kano da Faransa ba tare da dillali ya raba mu da ribar ba. Wani matashi da ke wannan harka ya kawo mini tayi biyu. Na farko shi ne mu yi rajistar sabon domen, wato sunan da ake rubutawa a kai ga shafi, mai ƙarewa da .com, wanda kuɗinsa ba zai wuce jika 10 a shekara ba. Na biyu shi ne mu sayi wani tsohon domen da mai shi ya bari ya faɗi, a kan jika 150. Ya ce sunan ya shekara 12, shafuka fiye da 400 suna da linki, wato mahaɗin da ake dannawa, zuwa gare shi, har da Wikipedia, kuma makinsa na DA, wanda ake kimanta ƙarfin shafi da shi, ya kai 38, saboda haka cikin ƴan makonni Google zai ɗora mu a sahun farko. Kuɗin na gudummawar mutane ne waɗanda ke samunsa da basilla da zare, shi ya sa ba na son in yi cinikin biri a sama.

Bashir:
Wa'alaikumus salam, Laminu. Ni dai ra'ayina shi ne da tsohuwar zuma ake magani, kuma ina faɗin haka ne bayan na yi wa ƴan kasuwa da dama aikin shafi tsakanin nan da Kano. Tun lokacin da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998, ginshiƙin tsarinsu, wanda suka kira PageRank, shi ne ɗaukar kowane linki a matsayin shaidar da wani shafi ya yi wa wani, kuma shaidar babban shafi ta fi ta ƙarami nauyi. Sabon domen ba shi da mai shaida ko ɗaya. Za ku zuba hotuna da rubutu, ku zauna wata huɗu ko shida kuna jiran baƙo, dattawan su fara tambayarka ina amfanin kuɗin da aka kashe. Ka duba Kasuwar Dole: rumfar da ke bakin hanya, wadda ƙafa ta saba da ita shekara da shekaru, ba ɗaya take da wadda aka kafa jiya a lungu ba, kuma babu wanda zai yi mamaki idan kuɗinta ya ninka.

Malam Isufu:
Bashir, misalin rumfar da ka kawo ya yi kyau, kuma ina so mu bi shi har ƙarshe. Ƙafar da ta saba da rumfa ta saba ne da abin da ake sayarwa a cikinta. Idan mai rumfar na da yana sayar da maganin dabbobi, kai kuma ka shigo da takalman fata, waɗanda suka saba zuwa za su leƙo su juya. Haka Google ke ƙoƙarin yi: yana duba abin da linkin ke magana a kai da abin da ke shafin a yau, kuma idan sun yi hannun riga, nauyin linkin yakan ragu ko ya ɓace.

Bari in bi abubuwan da matashin ya lissafa ɗaya bayan ɗaya. Shekarun domen su kaɗai ba sa ɗaga shafi. John Mueller, ɗaya daga cikin ma'aikatan Google da ke amsa tambayoyin masu shafuka, ya sha faɗin haka a fili. Makin DA kuwa na wani kamfani ne mai suna Moz, kamar yadda Ahrefs ke da nasa makin mai suna DR, kuma Google ba ya amfani da ko ɗaya daga cikinsu. Hasashe ne na ƴan kasuwar manhaja, kuma akwai masu kumbura shi da linkin banza kafin su kai suna kasuwa, kamar yadda ake cika wa rago ciki da ruwan kanwa ranar da za a kai shi kara. Linkin Wikipedia ma ba abin dogaro ba ne, domin duk linkin da ke fita daga can yana ɗauke da alamar da ke gaya wa injin bincike cewa ba shaida ba ce.

Abin da ya fi waɗannan duka muhimmanci shi ne, a watan Maris na 2024 Google ya sanya sayen mataccen domen domin yaudarar sakamakon bincike cikin laifuffukan da yake hukuntawa. Cikin misalan da ya bayar akwai dandalin caca da aka kafa a kan tsohon sunan makarantar firamare, da tallar magunguna a kan sunan da a da na wata ƙungiyar agajin lafiya ne. Kafin a yi maganar jika 150, tambayar farko ita ce: me wannan suna yake ɗauke da shi a shekaru 12 ɗin da ake yi mana taƙama da su?

Bashir:
Malam, ban musa ko ɗaya ba, amma a yi wa dokar adalci. Abin da ta hana shi ne a ɗauki sunan wani a cika shi da rubutun da ba ya amfanar kowa domin a ci albarkacin tsohuwar daraja. Google da kansa ya ce babu laifi a yi amfani da tsohon domen a gina sabon shafi na gaskiya wanda aka yi domin mutane. Dukawan Birni ba ƴan damfara ba ne, kayansu na hannu ne, hotunansu nasu ne. Idan sunan a da na wani shagon kayan fata ne ko na wata ƙungiyar masu sana'ar hannu, to linkinsa daga mujallun ado da shafukan yawon buɗe ido za su yi musu aiki, kuma wannan ba abin da za a samu da jika 10 ba ne.

Malam Isufu:
A nan mun haɗu. Idan tarihin sunan ya yi daidai da sana'ar, kuma ba a ɓata shi a tsakani ba, yana iya zama ciniki mai kyau. Sai dai irin wannan suna ba kasafai yake isowa hannun irinmu ba, domin akwai kamfanoni da injinansu ke gadin ƙofa dare da rana, suna cafke masu kyau cikin daƙiƙoƙin da aka sake su.

Alhaji Mamman:
Ƴaƴana, ku yi mini haƙuri, ni ɗan kasuwa ne ba ɗan boko ba, amma akwai abin da nake so in gane kafin Laminu ya taɓa kuɗin mutane. Wannan suna da kuke cewa ya mutu, wane ne ya ba mai sayarwa ikon sayar da shi? A wurinmu, idan mutum ya yi tafiya ya bar rumfarsa, ba a cewa ta zama ta wanda ya riga zama. Idan gobe mai shi na asali ya dawo ya ce nasa ne, ina matsayin wanda ya biya?

Malam Isufu:
Tambayarka ta taɓo tushen maganar, Alhaji. Domen ba mallaka ba ce irin ta gona, haya ce ta shekara-shekara, kuma ana iya biyan har shekara 10 a gaba. Hukumar ICANN, wadda ke tsara sha'anin sunaye tun 1998, ta wajabta wa kamfanonin rajista su tunatar da mai suna, galibi ta imel, kimanin wata guda kafin wa'adi ya cika, su sake tunatar da shi saura mako guda. Idan bai biya ba, ga mai .com akwai sassauci da kan iya kaiwa kwana 45, gwargwadon tsarin kamfanin da ya yi wa rajista, kuma a cikin wannan lokaci ne wasu kamfanonin kan sa sunan a gwanjo, kamar yadda ake yi a kamfanin GoDaddy. Idan ba a yi gwanjonsa ba, sai ya shiga kwana 30 na fansa, inda mai shi kan iya karɓo shi amma da tara mai nauyi, sannan kwana 5 na jiran sharewa, daga nan ya koma fili kowa ya iya kama shi.

Akwai wani bambanci a nan da ya shafi Laminu. Sunan da aka saya a gwanjo kafin a share shi yakan riƙe ranar rajistarsa ta asali, amma wanda ya kai ga sharewa aka sake kama shi, ranarsa sabuwa ce a kundin WHOIS, inda ake duba bayanan rajistar domen, ko da ana ce masa ɗan shekara 12. Game da dawowar mai shi kuwa, idan wa'adin ya wuce ba shi da wani iko, sai fa idan sunan alamar kasuwancinsa ce. A wannan hali yana iya kai ƙara ƙarƙashin tsarin UDRP na warware rikicin sunayen domen, da ke aiki tun 1999, wanda WIPO, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta duniya da ke Janiba, take cikin masu sauraron ƙararrakinsa, kuma idan ya tabbatar cewa an kama sunan da mugun nufi ba tare da wani haƙƙi ba, a ƙwace a mayar masa.

Alhaji Mamman:
To, na gane. Ke nan wanda ya saya bai yi sata ba, amma yana iya gadon rigimar da bai san farkonta ba. Ya yi kama da layin waya da aka sake sayarwa, kana sa shi a waya masu bin wani bashi su fara kiranka.

Hajiya Mariama:
Ni ina gefe ina karantawa, amma da aka zo maganar wa'adi dole in sa baki, domin ni ce irin mai sunan da ake cewa ya bari ya faɗi. Shekarun baya wani yaro ya buɗe mini shafin turaren wuta da humra, kuma da imel ɗinsa ya yi rajistar, ni ban san ma akwai wani abu da ake sabuntawa ba. Shafin ya yi mini aiki ƙwarai. Mata daga Yamai da Abuja, har da ƴan uwanmu da ke zaune a Faransa, suna samuna ta nan, kuma adireshin yana buge a jikin kowace kwalba da kowace leda. Yaron ya tafi neman kuɗi Aljeriya, saƙonnin tunatarwa suna ta shiga akwatinsa, ni ban ga ko ɗaya ba. Wata rana wata mai saye ta kira ni cikin ɓacin rai ta ce ta buɗe adireshina a gaban ƴaƴanta ta tarar da hotunan da ba sa faɗuwa. Na yi kuka a ranar, domin sunan da ke kan shafin sunana ne da na mahaifiyata. Da na nemi wanda ya kama shi, kuɗin da ya yanka ya fi jarina gaba ɗaya, dole na ƙona sauran takardun kwalba na sake bugawa da sabon suna.

Saboda haka, Laminu, duk lokacin da aka ce maka tsohon domen mai daraja, ka tuna cewa darajar wani ne ya tara ta da guminsa, kuma mai yiwuwa yana can yana neman ta. Kuma ko wanne kuka zaɓa, kada ka yarda a yi rajista da imel ɗin kowa sai na ƙungiya.

Laminu:
Allah Ya mayar miki da alheri, Hajiya. Wallahi ban taɓa tunanin ɓangaren wanda ya rasa ba sai yanzu. Malam, ta yaya zan binciki tarihin sunan kafin in ba da amsa? Matashin ya ce in yanke shawara kafin Juma'a, wai akwai wani mai so.

Malam Isufu:
Kada gaggawarsa ta zama taka. Ka fara da Wayback Machine na Internet Archive, wanda ke adana hotunan shafuka tun 1996. Ka sa sunan, ka buɗe aƙalla hoto ɗaya a kowace shekara, ka lura da harshen da aka yi rubutu da shi da abin da ake tallatawa. Sannan ka rubuta site: a Google ka liƙa sunan a gabansa, idan shafin yana da rai kwanan nan amma babu ko shafi ɗaya da ya fito, wannan alama ce da ke buƙatar bayani. Ka nemi matashin ya nuna maka jerin linkin 400 ɗin da kansu, ba makin kawai ba, ka duba kalmomin da aka liƙa musu da ƙasashen da suka fito. Ka kuma duba sunan a jerin Spamhaus, ƙungiyar da ke lissafa masu aika saƙonnin banza, domin idan an taɓa aika saƙonnin banza da shi, wasiƙunku ga masu saye za su riƙa faɗawa kwandon shara ba ku sani ba.

Abu ɗaya ne ba za ka iya gani ba sai bayan ka biya, kuma shi ne mafi haɗari. Idan ma'aikatan Google sun yanke wa sunan hukunci da hannunsu, ba a ganin sanarwar sai a cikin Search Console, dandalin Google na masu shafuka, wanda ba ya buɗuwa sai ga wanda ya tabbatar shi ne mai shafin. Hukuncin yana iya bin sunan zuwa hannun sabon mai shi. Ana iya neman a sake duba shi bayan an gyara, amma amsar kan ɗauki kwanaki ko makonni, kuma babu tabbacin za ta zo yadda ake so.

Nana Aisha:
Malam, da izininka zan ƙara wani abu da na lura da shi lokacin da muke wani aikin aji a Jami'ar André Salifou. Mafi yawan masu yabon tsohon domen suna fafatawa ne a fagen Ingilishi, inda dubban shafuka ke kokawa a kan kalma ɗaya ta inshora ko lamuni, kuma a can rashin linki babban gurguntaka ne. Yaya Laminu ba a can yake ba. Wanda ya rubuta jakar fata ta Damagaram da Hausa, ko ya haɗa kalmar maroquinerie, wato kayan fata, da Zinder da Faransanci, shafukan da za su fito masa kaɗan ne, kuma galibinsu labarai ne ba shaguna ba. A irin wannan fili, shafin da ya yi bayanin yadda ake jeme fata da bagaruwa, ya nuna hoton kowace jaka da girmanta da farashinta, ya kuma buɗe da sauri a ƙaramar waya, yana da damar fitowa ko da sunansa na jiya ne. Rajistar shago a Google Business Profile kyauta ce, kuma ita ke sa wuri ya bayyana a taswira. Da jika 140 da za su rage, ana iya ɗaukar mai hoto na ƙwarai a kuma biya wanda zai rubuta bayanin da Faransanci mai kyau.

Tambayata ɗaya ita ce, me ya sa ba a yi maganar .ne ba, tunda shi ne na ƙasarmu?

Bashir:
Ƙanwata, .ne yana da kyau ga wanda kasuwarsa ta tsaya a cikin gida, domin Google yana ɗaukar ƙarshen suna na ƙasa a matsayin alamar cewa shafin na mutanen wannan ƙasa ne. Su kuwa suna hangen Kano da Faransa, don haka .com ya fi musu faɗi. A kan maganar ƙarancin masu gasa kin yi gaskiya, sai dai kada a ɗauka sabon suna zai tashi da kansa. Dole ne su nemi linki na halal: rediyo ko jaridar da ta yi hira da su, shafin bikin baje kolin da suka halarta, shagon waje da ke sayar da kayansu. Goma irin waɗannan aikin wata da watanni ne, kuma wannan wahalar ce mutane ke gudu su sayi tsoho.

Laminu:
Jama'a, na dawo da abin da na gani, kuma gani ya kori ji. Na kwana a kan Wayback Machine daren jiya. Shekaru bakwai na farko sunan na wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido ne a Turai da ke kai baƙi yawon hamada, kuma hakika shafuka masu mutunci sun yi masa linki a lokacin. Daga nan sai shekara biyu babu komai sai takardar a sayar. Shekaru ukun ƙarshe kuwa dandalin caca ne cikin wani harshe na Asiya da ban iya karantawa ba. Da na matsa wa matashin ya turo jerin linkin, fiye da rabinsu kalmomin caca ne. Bai yi gardama ba, ya ce shi ma makin kawai ya duba, kuma na yarda da shi.

Bashir:
To wannan kam na janye hannuna daga kansa. Ko da Google bai hukunta shi ba, tun 2016 tsarinsa na tace linkin banza mai suna Penguin, wanda aka fara a 2012, yakan yi watsi da irin waɗannan linkin ne kawai, ma'ana za ku biya jika 150 a kan abin da ba a lissafawa. Akwai hanyar gaya wa Google ya yi fatali da munanan linki, amma ba ta mayar da nagartattun da suka daina aiki. Har yanzu ina kan bakana cewa akwai tsohon suna mai amfani, musamman wanda yake naka ne tun asali. Hajiya, da za ki turo mini tsohon adireshinki ta akwati, zan duba ranar cikar wa'adinsa, domin masu kama suna sukan sake shi idan ya daina kawo musu kuɗi. Idan ya dawo hannunki, ana iya karkatar da shi zuwa sabon shafinki da umarnin 301, wanda ke tura duk mai buɗe tsohon adireshi zuwa sabon, bayan an tabbatar bai ɗauko wani hukunci ba.

Hajiya Mariama:
Zan turo maka, ɗana, Allah Ya yi albarka. Ko ba zai ƙara mini matsayi a Google ba, ina so in cire sunan mahaifiyata daga wannan ƙazanta.

Malam Isufu:
Laminu, idan za ku zaɓi sabon, ka sa shi ma a Wayback Machine kafin ka biya, domin sunan da ka tarar babu mai shi ba lallai ne bai taɓa samun mai shi ba. Ku zaɓi gajere wanda za a iya faɗa a waya a rubuta daidai, kuma ku guji haruffa masu lanƙwasa a cikinsa, tunda mai saye a Faransa ba shi da ƙ ko ɗ a allon wayarsa.

Laminu:
Na gode ƙwarai, Malam, na gode wa kowa. Na kai maganar gaban dattawa bayan la'asar, kuma sun amince da sabon suna. Mun buɗe imel na ƙungiya, ni da ma'aji da shugaba ne muka san mabuɗinsa, an kuma rubuta shi a littafin taro tare da ranar cikar wa'adi. Za mu biya shekara uku a tashi ɗaya. Abin da ya rage shi ne babu ɗayanmu da ke da katin banki da ke biya a waje, kuma dattawa ba su daidaita ba tsakanin sa Damagaram ko Zinder a cikin sunan.

Alhaji Mamman:
Batun kati ka same ni a shago gobe bayan azahar, ka zo da ma'aji da littafin, a biya da nawa a rubuta a gabansa. Batun suna kuwa, ka tambayi masu sayenku na waje wanne suke rubutawa a kan ambulan idan za su aiko muku da saƙo, ka kawo wa dattawa amsar.